Yinin da Na Yi da Iyalina a Tsibirin Gore: Kira ga Magidantan Sakkwato

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana magidanta, musamman na nan Sakkwato, a kan wani al'amari da muka raina, har wasunmu ke jin nauyin ambatonsa a majalisa, wato mutum ya ware yini guda ya fita da matarsa da 'ya'yansa, ba don biki ko ta'aziyya ko asibiti ba, sai don su huta tare su ga ƙasar Allah. Ni malamin makarantar sakandare ne, shekarata 24 ina koyar da tarihi, kuma sai a hutun watan Disamban da ya wuce na yi irin wannan fita karo na farko tun da aka ɗaura mini aure. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da wani abokina, mutumin kirki da nake girmamawa, ya yi mini bayan mun dawo. Ya ce yawon buɗe ido aikin Turawa ne da waɗanda kuɗi ya yi wa yawa, kuma da na sayi gero na ajiye da abin da na kashe, da ya fi mini amfani. Ban ba shi amsa a wurin ba, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, kuma ni ma a kansa nake kafin wannan tafiya.

Gaskiyar magana, ba hutu ya fitar da mu daga gida ba. Ƙanen mai ɗakina ya daɗe a birnin Dakar na ƙasar Senegal yana sana'ar gashin nama, sana'ar da Hausawa suka yi suna da ita a can har mutanen garin ke kiran naman da ake barbaɗa wa yaji "dibi Hausa". Allah ya yi masa buɗi, kuma da ya tashi aurar da ɗiyarsa ya dage sai yayarsa ta zo da mu duka. Shi ya ɗauki nauyin mafi yawan kuɗin jirgi, ni kuma na sayar da san da na shekara ina kiwo na cika. Mai fasfon ECOWAS ba ya buƙatar biza kafin ya shiga Senegal, saboda haka ba mu sha wahalar takardu ba. Mu biyar muka tafi: ni da uwargida, da ɗiyata ta fari mai shekara 16, da ƙanenta mai 12, da autanmu mai 7. Niyyata da an kai amarya mu juyo gida, amma surukin nawa ya ce ba zai yafe mini ba idan na bar yaran suka koma ba su taka tsibirin Gore ba. Na amince ne kawai don kada in watsa masa ƙasa a ido.

Mun isa tashar jiragen ruwa ta Dakar da hantsi. A nan na fara ganin abin da ya tsaya mini a rai: sai da kowa ya nuna takardar shaidarsa aka sayar masa da tikiti, kuɗin ɗan ƙasa daban, na sauran 'yan Afirka daban, na waɗanda suka zo daga wasu nahiyoyi daban, kuma ba a ƙara ko mutum ɗaya a kan adadin da jirgin zai iya ɗauka ba. Da muka zauna sai na ga rigunan kariya daga nutsewa a jere inda hannu zai kai. Ban iya hana zuciyata komawa gida ba, ga mutum 29 da suka rasu a watan Afrilun 2022 lokacin da kwalekwale ya kife da su a ƙaramar hukumar Shagari, yawancinsu yara da matasa. Kogin da suka so ƙetarewa bai kai ko kusa da faɗin ruwan da ke gabanmu ba.

Tafiyar ba ta wuce minti 20 ba, amma ga 'ya'yana ta zama babban al'amari. Ruwa mafi girma da suka taɓa gani shi ne gulbin Rima idan ya cika ya batse da damina, sai ga su a tsakiyar Tekun Atlantika, inda ido ke tafiya har ya gaji bai ci karo da tudu ko itace ba. Autan ya riƙe mayafin mahaifiyarsa gam, ya tambaye ta, "Inna, ina ɗaya gaɓar take?" Ita kuwa bakinta bai daina hailala ba tun da jirgin ya ɗaga. Mun baro Sakkwato cikin hunturu, hazo ya rufe gari, leɓɓa na tsagewa, ƙafafu sun yi kaushi, sai ga mu cikin iska mai ɗumi da laima wadda ke barin ɗanɗanon gishiri a baki. Na lura uwargida ta sauke rigar sanyin da ta sa wa yaron, ta ninke ta saka a jaka, kuma daga nan ba a sake ɗaukowa ba har muka bar ƙasar.

Tsibirin ɗan ƙarami ne ƙwarai, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, kuma babu mota ko babur ko ɗaya a cikinsa. Wannan kaɗai ya sauya mini yinin, domin a karo na farko na saki hannun autana a kan hanya ba tare da gabana ya faɗi ba. Lungunan rairayi ne, gidajen kuma tsofaffi ne na duwatsu, an shafe su da jan fenti da rawaya, furanni na zubowa daga kan katangu. Turawan Fotugal ne suka fara sauka a nan a 1444, daga baya mutanen Holan suka karɓe shi suka raɗa masa sunan da ya rikiɗe ya zama Gore, sannan Faransawa suka ƙwace shi a 1677, suka yi ta ƙwace-ƙwace da Ingilishi kafin ya tabbata a hannunsu har zuwa samun 'yancin Senegal a 1960. A 1978 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin rukunin farko na wuraren tarihi na duniya. A wannan ɗan wuri aka haifi Blaise Diagne a 1872, baƙar fatar Afirka na farko da aka zaɓa zuwa majalisar dokokin Faransa a 1914, wanda sunansa ke kan filin jirgin saman da muka sauka. A nan kuma makarantar horar da malamai ta William Ponty ta zauna daga 1913 har zuwa ƙarshen shekarun 1930, kuma cikin waɗanda suka yi karatu a cikinta har da Diori Hamani, shugaban farko na maƙwabciyarmu Nijar. Da na faɗa wa ɗana na tsakiya haka, sai ya tsaya yana kallon tsohon ginin kamar ya ga ɗan'uwa a baƙon gari.

Wurin da kowane baƙo ke nufa shi ne Gidan Bayi, wanda aka gina wajen 1776 aka mai da shi gidan tarihi a 1962. Da shigarka za ka tarar da matakala biyu masu lanƙwasa kamar ƙahonin sa, suna hawa zuwa benen da masu gidan ke zama suna shan iska. A ƙarƙashinsu akwai ƙananan ɗakuna masu duhu da ɗanshi, an rubuta a bakin kowanne waɗanda ake tsarewa a ciki: maza, mata, 'yan mata, yara. Tsakanin matakalan akwai wani siririn lungu da ke kai mutum ga wata ƙofa da ta buɗe kai tsaye a kan baƙaƙen duwatsu da teku, ita ce ake kira ƙofar tafiya ba dawowa. Nelson Mandela ya tsaya a bakinta a 1991, Barack Obama ma ya tsaya a 2013. A matsayina na mai koyar da tarihi na san masana sun yi saɓani a kan yawan bayin da aka fitar ta wannan tsibiri, kuma da yawansu na ganin kason Gore kaɗan ne idan aka kwatanta da tashoshi irin su Wida da Bonny da Luwanda. Amma babu saɓani a kan cewa mutum kusan miliyan 12 da rabi aka loda a jiragen ruwa daga gaɓar Afirka zuwa nahiyar Amurka, kuma kusan miliyan biyu daga cikinsu ba su isa da rai ba. Na sha rubuta waɗannan alƙaluma a kan allo, ban taɓa jin nauyinsu ba sai da na sunkuya na shiga ɗakin da aka rubuta wa "yara", autana na tsaye a gefena.

A cikin wannan ɗaki ne ɗiyata ta fari ta yi mini magana. Ya kamata mai karatu ya fahimci abin da nake nufi. Ita ɗiyar fari ce, kuma bisa tarbiyyar da na tashi a cikinta ba na kiran sunanta, ba na zama hira da ita, idan na shigo tsakar gida takan gaishe ni ta tashi ta ba ni wuri, saƙona gare ta da nata gare ni duk ta hannun mahaifiyarta suke bi. A ranar kuwa, cikin wannan duhu, ta ce da ni a hankali, "Baba, har da mutanenmu aka tafi?" Na ce mata ƙwarai kuwa. Na gaya mata cewa an kwashi Hausawa da yawa ta Ikko da Wida zuwa Bahiya a ƙasar Birazil, cewa sun yi yunƙurin bore tun a 1807, kuma a watan azumin 1835 bayi Musulmi, Yarabawa da Hausawa da wasunsu, sun tashi a birnin Salvador, aka samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ta yi shiru, sannan ta sake tambaya, "To wa ya sayar da su?" Wannan tambaya ta fi ta farko nauyi, kuma na ga bai dace in ɓoye mata gaskiya a irin wannan wuri ba. Na ce mata Turawa ne suka zo da jirage da kasuwar, amma da yawa daga cikin waɗanda aka sayar an kama su ne a yaƙe-yaƙe da hare-haren cikin ƙasashenmu, hannu ya miƙa wa hannu har suka isa bakin teku, kuma biranenmu ma sun yi kasuwannin bayi.

Da muka fito, ni da ita muka zauna a kan wani dutse muna fuskantar ruwa, sauran suka yi gaba. Mai yi mana bayani ya riga ya nuna mana makarantar kwana ta 'yan mata mai sunan Mariama Ba, wadda ke ɗaukar ɗaliban da suka fi kowa cin jarrabawa a faɗin ƙasar, kuma daga zancen makarantar ne hirarmu ta zarce. Na ba ta labarin Nana Asma'u da jajis ɗinta, wato matan da ta horar don su karantar da 'yan'uwansu mata, da 'Yan Taru, labarin da ta riga ta sani daga makaranta amma ba ta taɓa ji daga bakina ba. Ita kuma ta gaya mini cewa burinta ta karanta shari'a. Daga baya na tambayi uwargida, ta ce shekara biyu ke nan da yarinyar ta faɗa mata, har ta fara tara littattafai, sai dai ba a sami ranar da za a gaya mini ba. Ina fita kullum da sassafe in saurari burin 'ya'yan mutane in ba su shawara, ga tawa a cikin gidana ban san inda zuciyarta ta dosa ba. Wannan shi ne abu mafi girma da na samo a tsibirin, kuma ba a gidan tarihi aka ajiye shi ba, tare muka taho da shi tun daga Sakkwato.

Mun yi sallar azahar a masallacin tsibirin, wani ɗan ginin dutse na ƙarshen ƙarni na 19 da ke gindin tudu, dab da ruwa, har kana jin raƙuman ruwa na dukan duwatsu kana cikin sujada. Bayan an sallame uwargida ta tsaya wurin wata dattijuwa mai sayar da zannuwa da duwatsun wuya. Ba ta jin Faransanci, ba ta jin Wolof, amma ita Bafillata ce, kuma da ta ji matar ta yi wa wata yarinya magana sai ta gwada gaishe ta da Fulfulde. Matar ta amsa da "jam tan", ta miƙe ta rungume ta. Harshen nasu ya ɗan bambanta, amma ruwa "ndiyam" ne a wurinsu duka, nono "kosam", saniya "nagge". Da ta ji daga Sakkwato muke sai ta ɗaga hannu tana addu'a, ta ce ita mutuniyar Futa Toro ce. Nan na tara yaran na tuna musu cewa daga Futa Toro, a bakin kogin Senegal, kakannin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka taso, abin da ya sa ake ce musu Toronkawa, kuma Alhaji Umaru Futi ya zauna shekaru a Sakkwato a kan hanyarsa ta dawowa daga Makka, a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har ya auri ɗiyarsa. Dattijuwar ta ƙi karɓar kuɗin abin wuyan da ɗiyata ta zaɓa, ta ce ba a ciniki da ɗan'uwan da ya zo daga nesa. Mutanen ƙasar na da kalmar da suke alfahari da ita, "teranga", wato karɓar baƙo da mutunta shi, kuma mun ga aikinta a ranar.

Abincin rana a bakin gaɓa muka ci shi, a ƙarƙashin wata rumfa. An kawo mana cebu jen, shinkafa 'yar ɓarza da aka dafa cikin romon kifi da tumatir, an jera mata kifi da rogo da kabeji da karas da gauta, ga ɗan tsamin tsamiya. A babban faranti ɗaya aka zubo, domin haka al'adarsu take, kowa ya ci daga gabansa, uwar gida kuma ta riƙa gutsura kifi tana turawa gaban kowa. A gidana ni kaɗai nake ci a ɗakina, ko in fitar da kwano zaure mu ci da maƙwabta, yara su ci nasu, uwarsu ta ci a ƙarshe bayan ta sallami kowa. A ranar muka sa hannu mu biyar a kwano ɗaya. Na ga yadda autan ke tsame kabeji yana turawa gaban yayansa, na ga uwargida na cire wa kowa ƙaya kafin ta kai loma bakinta, kuma na ga ta ci abinci da zafinsa, wanda ba ita ta tsaya a gaban murhu ta dafa ba. Abin sha kuwa bai zama baƙo gare mu ba, domin abin da suke kira bisap zoɓonmu ne, abin da suke kira buy kuma kwalba da nono ne na garin 'ya'yan kuka, sai shayin ataya da aka yi mana zubi uku kamar yadda Buzaye ke yi a nan.

Bayan la'asar yaran suka hau tudun da ke kudancin tsibirin, ta wata hanya mai itatuwan kuka inda masu zane ke baje kolinsu, suka ga manyan igwogin da Faransawa suka girke, waɗanda suka yi aiki a watan Satumban 1940 lokacin da jiragen yaƙin Ingila da na Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, suka kawo wa Dakar hari. Amma hankalinsu duk yana ga ɗan rairayin da ke kusa da inda jirgi ke tsayawa. Yaran tsibirin, wasu ba su kai autana ba, suna ta ninƙaya kamar kifaye, suna nutso suna tsamo kwabban da fasinjoji ke jefawa. Ɗana na tsakiya ya ce, "Baba, ka bar ni in shiga." Shi bai iya iyo ba, ni ma ban iya ba, saboda haka na naɗe wandona na riƙe hannunsa da na ƙanensa muka shiga iya gwiwa. Ruwan ba sanyi, yana zuwa ya daki ƙafafunmu ya koma yana janye rairayi daga ƙarƙashin tafin sawu. Uwarsu da yayarsu suka tsaya daga gefe da hijabansu, ruwa na taɓa musu idon sawu, ba wanda ya kalle su balle ya tsangwame su, domin mafi yawan mutanen ƙasar Musulmi ne kuma irin wannan shiga ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Na ji uwargida ta yi dariya da ƙarfi lokacin da wata igiyar ruwa ta jiƙa ni har ƙugu, dariyar da rabona da jin irinta tun muna amarci. A nan kuma na ƙudurta cewa 'ya'yana za su koyi iyo, domin muna zaune a ƙasar gulabe da fadamu da madatsun ruwa, kuma muna da Sarkawa da masunta da za su iya koyarwa idan an nemi su yi.

Yanzu bari in koma ga maganar abokina. Geron da ya ambata ba abin wasa ba ne a wannan zamani na tsadar rayuwa, kuma ba zan ce wa mai neman abin sawa a bakin salati ya ci bashi don ya kai iyalinsa bakin teku ba. Ni kaina ba don biki da taimakon suruki ba, da ban ga Dakar ba. Inda na saɓa da shi shi ne cewa fita da iyali al'adar wasu ce. Allah ya umurce mu a wurare da dama cikin Alƙur'ani da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba, kuma bai keɓe maza da wannan umurni ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa ya tafi da wadda ta faɗo a kanta, kuma a cikin tafiya ne ya yi tsere da Nana A'isha. Mu kuwa mun mai da tafiya ta maza zalla. Magidanci zai je Kano da Legas da Kwatano da Dubai, ya dawo da tsaraba da labari, matarsa kuma ta shekara ashirin iyakarta gidan suna da gidan rasuwa. Muna cewa na zaune bai ga gari ba, sannan mu ne muke zaunar da su. Ba ina kiran a zubar da kunya ba, domin ita ce adon gidajenmu kuma ina son 'ya'yana su gaje ta. Abin da na gani shi ne, a cikin gida kowa na da wurin zamansa da ya saba, kuma wannan sabo ne ke hana magana, amma da an fita an zauna a inuwa ɗaya sai bakin yaro ya buɗe ba tare da ladabinsa ya ragu ba.

Wannan kuwa ba ya buƙatar teku ko jirgin sama. Gore ba ta fi wata unguwa ta cikin garin Sakkwato girma ba, amma mutanenta sun riƙe tarihinsu sun gyara shi, sun tanadi mai bayani da wurin zama da wurin cin abinci, har ya zama da shi suke ci da sha. Mu da muke da Hubbaren Shehu, da gidan tarihi na Waziri Junaidu, da Wurno inda Muhammadu Bello ke kwance, da Ɗegel inda Shehu ya karantar, da kufan Surame na Kanta mai ganuwar duwatsu, da madatsar ruwa ta Goronyo, ga Argungu a maƙwabta, magidanta nawa ne a cikinmu suka taɓa kai 'ya'yansu mata ko da ɗaya daga cikin waɗannan wurare? Na san wasu hanyoyin, musamman na gabashin jiha, ba sa biyuwa da iyali a yanzu saboda 'yan bindiga, kuma wannan ciwo ne da ya fi ƙarfin wannan wasiƙa, Allah ya kawo mana ƙarshensa. Amma waɗanda ke cikin gari da kewaye ba abin da ya hana mu su sai rashin sabo. Roƙona ga hukumomin da ke kula da tarihi da al'adu, da masu hannu da shuni da ke neman aikin lada, shi ne su dubi abin da ke hana mace da ƙananan yara yini a irin waɗannan wurare, wanda ba wani abu mai tsada ba ne: inuwa, da ruwan sha, da makewayi mai tsabta, da wurin sallar mata, da mutum guda da ya san tarihin wurin zai kuma faɗe shi da Hausa. Inda kuma akwai ruwa da kwalekwale, a sa rigunan kariya a ƙayyade yawan masu shiga, kamar yadda na gani a can. Ita ma wannan jarida za ta taimaka idan ta riƙa kawo wa masu karatu bayanin irin waɗannan wurare na kusa, da yadda ake zuwa, da lokacin da ya fi dacewa.

Mun bar tsibirin dab da magariba, rana na faɗuwa a bayan dogayen gine-ginen Dakar, yaran biyu sun yi barci a jikina tun kafin jirgin ya kai rabin hanya. Autan ya taho da ruwan teku a cikin wata 'yar gora, ya riƙe ta a jakar kaya har Sakkwato, domin kakarsa ta ce ba za ta yarda akwai ruwan da ya fi gulbi girma kuma ba ya shayuwa ba sai ta ɗanɗana. Ta ɗiga a harshe, ta yi tasbihi, ta sa aka ajiye mata sauran a ɗakinta. Ranar Asabar ta ƙarshen wannan wata, in Allah ya kai mu, zan kai su Hubbare da gidan tarihi na Waziri Junaidu, har da tsohuwar idan ƙafarta ta yarda, kuma na gayyaci abokin nan nawa ya fito da nasa iyalin mu tafi tare. Ya ce zai yi shawara.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin tarihi,
Sakkwato.